Ƙarar Numfashi Guda da Littattafan Malam Sha'aibu

An yi wani sarki a birnin Zarandu, a zamanin da ayari ke ƙetare hamada ya komo da gishiri da takarda, sunansa Hambali ɗan Gwaja, mutum mai son ilmi da ma'abotansa, mai saurin fushi, mai saurin nadama. A zamaninsa ne malaman birnin suka waiwayi littattafan mutanen farko waɗanda aka daɗe da mantawa da su, na waƙa da tarihi da hikima da fasahar magana, suka duƙufa ga kwafarsu da gyara kurakuran da hannayen marubuta suka cusa musu, suna karantar da su kafaɗa da kafaɗa da fiƙihu da nahawu. Gari ya ɗauka, har ta kai ɗan kasuwa ba ya jin ya cika mutum sai ya jefa baiti ɗaya na magabata a tsakiyar ciniki, ko da kuwa bai san ma'anarsa ba.

Wanda ya buɗe wannan ƙofa wani dattijo ne ana ce masa Malam Sha'aibu. Ya yi ƙuruciyarsa a biranen arewa na bakin teku, ya koyi wani tsohon harshe da masu shi suka ƙare, ya dawo da akwatuna cike da littattafai a bayan raƙuma, sannan ya ƙarar da ƙarfinsa yana fassara su zuwa harshen gari har idonsa ya soma dushewa. Bai keɓe karatunsa ga 'ya'yan sarauta ba. Bayan la'asar yakan shimfiɗa buzu a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, ya karanta wa duk wanda ya zauna, marina da hannayensu baƙi ƙirin, magina da laka a ƙafa. Abin da ya fi nanatawa daga littattafan nan shi ne, Ubangiji ya karrama ɗan Adam da hankali da magana, martabarsa abu ce da yake ginawa da ilmi da hali, kuma ba a halicci wani mutum domin ya zama jakin wani ba.

A nan sai na tsaya, ya kai mai karatu, in bayyana maka wata doka ta wannan birni, wadda ko yanzu da nake rubuta ta sai da raina ya ɓaci. Kakan sarki ne ya kafa ta, da ya gaji da surutun masu ƙara. Ya ce duk mai ƙara ya faɗi ƙararsa cikin numfashi guda, wanda ake ƙara kuma ya amsa da ɗayan biyu, ko "haka ne" ko "ba haka ba ne", babu ƙari. In ya ce haka ne, an zartar masa da duk abin da mai ƙara ya nema. In ya ce ba haka ba ne, sai a kira shaidu, idan ko gaɓa ɗaya ta ƙarar ta tabbata, ya zama wanda ya yi ƙarya a gaban sarki, hukuncinsa ya ninka. In kuwa ya yi shiru har rana ta faɗi, shirun nan amincewa ne. Da farko dokar ba ta cuci kowa ba, domin numfashin manomi ba ya ɗaukar abin da ya wuce "akuyarsa ta ci mini dawa". Amma da littattafan balaga suka shigo gari, sai aka sami waɗanda suka koyi yadda ake jan numfashi da saƙa zance, su ɗauko gaskiya ɗaya su ɗaura mata ƙarya uku a wutsiya, su ajiye wa bawan Allah a gabansa su ce ya haɗiye duka ko ya tofar da duka.

Gwanin gwanayen wannan sana'a shi ne Malam Ƙasimu. Abin takaicin kuma, a hannun Malam Sha'aibu ya koyi fasahar, a gindin tsamiyar nan, yana cin tuwon gidan.

Wata shekara sarki ya ba da umurni a gyara ganuwar gabas kafin damina, ya danƙa aikin a hannun Galadima Tanimu. Ana tsakiyar aiki sai magina suka ajiye kayansu suka watse cikin ƙauyuka, aka bar bangon da kai a buɗe babu yaɓe. Ruwan farko da ya sauko da ƙarfi ya jiƙa shi har ciki, ya zube a kan gidajen Unguwar Majema, ya danne wata mata da 'ya'yanta. Birni ya ɗauki zafi, kowa na tambayar wa ke da alhakin wannan jini. Galadima ya sha jinin jikinsa, ya san in ba a sami wanda za a ɗora wa ba to a kansa abin zai sauka, saboda haka ya aika aka kira masa Malam Ƙasimu, suka ƙulle ƙofa.

Da hantsi fada ta cika. Aka shigo da Malam Sha'aibu yana laluben hanya da sanda, aka zaunar da shi a ƙasa gaban karagar sarki. Malam Ƙasimu ya miƙe, ya gyara rawani, ya cika ƙirjinsa da iska, ya ce:

"Allah ya ba ka nasara, wannan mutum ya tara magina a ƙofar gidansa ya karanta musu daga littattafan masu bautar gumaka cewa ba a halicci wani don ya zama jakin wani ba, wannan kuwa mummunar magana ce mai rushe biyayya, kuma ita ce ta sa magina suka guje wa aikin sarki har ganuwa ta faɗi ta kashe rayuka, don haka wajibi ne a ƙone littattafansa ƙurmus a kore shi daga ƙasar nan ba zai komo ba har abada."

Ya sauke numfashi, fadawa suka yi ta jinjina, wasu ma har da tafi, kai ka ce waƙa aka rera musu.

Malam Sha'aibu ya ɗaga kai ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, a ba ni izini in rarrabe wannan magana, domin a cikinta akwai abin da na yi, akwai abin da ban yi ba."

Sarkin Dogarai ya daka masa tsawa ya ce, "Malam, ka san doka. Haka ne, ko ba haka ba ne?"

Dubi wannan tarko, don Allah. In ya ce haka ne, ya ɗauki jinin da bai zubar ba, ya sallama aikin rayuwarsa ga wuta, ya fita daji da makanta da tsufa. In ya ce ba haka ba ne, rabin gari zai shaida ya yi karatun, sai ya zama maƙaryaci, alhali shi mutum ne da bai taɓa musun abin da bakinsa ya faɗa ba. Dattijon ya sunkuyar da kai, ya dafa sandarsa da hannu biyu, ya yi shiru.

Sarki ya dube shi, zuciyarsa ta ƙi kwanciya, gama a hannun wannan tsoho shi ma ya fara jin daɗin tarihi yana yaro. Ya ɗage zama zuwa bayan azahar, ya shiga ciki, ya sa aka kira masa wazirinsa, Ɗalhatu, mutum mai ƙarancin magana wanda fadawa ba sa so domin ba ya tafi in an yi tafi.

Sarki ya ce, "Waziri, muna jin warin zalunci a cikin ƙarar nan, amma ba mu ga inda ya ɓuya ba. Dokar kakanmu ce, ba za mu karya ta ba, domin ranar da muka karya ta saboda malaminmu, gobe kowane mai gata zai nemi a karya masa. Ka nemo mana hanyar da gaskiya za ta fito ba tare da an taɓa dokar ba, kafin rana ta faɗi. In ka samo, ladanka na wuyanmu. In ka gaza, da hannunka za ka kunna wutar."

Waziri ya ce, "Zaki, ina roƙon abu ɗaya. A yardar mini in kawo tawa ƙarar kamar kowane talaka, kuma wanda zan yi ƙararsa, ko wane ne shi, dokar ta hau kansa yadda ta hau kan Malam."

Sarki ya ce, "Mun yarda," yana zaton Galadima ake nufi.

Da aka komo fada bayan azahar, Waziri Ɗalhatu ya cire takalmansa, ya sauko daga mazauninsa ya tsaya inda masu ƙara ke tsayawa. Ya fuskanci karaga, ya ja numfashi, ya ce:

"Ina ƙarar Hambali, wanda yake ɗan halal ne na Sarki Gwaja, wanda ya gaji wannan karaga bisa cancanta, wanda shi ne ya ba da umurnin taɓa ganuwar gabas, wanda umurnin nan nasa na wauta ne, kuma shi ne ya kashe matar nan da 'ya'yanta, don haka wajibi ne a tuɓe masa rawani yau a fitar da shi ta ƙofar yamma."

Dogarai suka kai hannu ga takubba suna jiran ƙiftawar ido. Waziri kuwa bai ko motsa ba, ya ce cikin ladabi, "Allah ya ba ka nasara, haka ne, ko ba haka ba ne?"

Idanun sarki suka kaɗa suka yi ja. Ya buɗe baki zai ce ba haka ba ne, sai ya tuna in ya faɗa ya musanta ubansa da gadonsa a gaban jama'a. Ya miƙe tsaye, ya ce da ƙarfi, "Kai Ɗalhatu, ka haukace ne? Ɗan Gwaja ne mu, wannan gaskiya ce. Mu muka ba da umurni, wannan ma gaskiya ce. Amma wa ya ce gyaran ganuwa wauta ne? Da wace hujja? Kuma ta yaya umurninmu ya kashe su, alhali aiki muka ce a gama, ba mu ce a bar shi a buɗe ba? Ka kawo mana magana shida ka ce mu amsa da kalma ɗaya!"

Waziri ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da ka yi yanzu shi ne abin da wannan dattijo ya roƙa da safe aka daka masa tsawa. Kai da kake da dogarai da takobi ba ka iya haɗiye ta ba, yaya makaho mai sanda zai iya?"

Sarki ya tsaya kamar an watsa masa ruwan sanyi, sannan ya koma ya zauna a hankali. Ya ce, "Ci gaba, muna ji."

Waziri ya ce, "Allah ya ƙara maka imani, na janye ƙarata, ka yafe mini kaushin harshe. Da'awa ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai cewa abu kaza ya auku, wannan ido da kunne ne shaidarta. Akwai mai cewa abu kaza mai kyau ne ko mummuna, wannan kuwa ko mutum dubu sun rantse ba su tabbatar da ita ba, sai an kawo ma'auni an ce ga abin da muke kira kyau, ga dalilin da ya sa. Akwai mai cewa wannan ne ya haifar da wancan, ita ce mafi santsi, domin abubuwa biyu kan biyo juna alhali babu dangantaka a tsakaninsu. Sannan akwai mai cewa ga abin da ya kamata a yi, wannan ba ta da ƙafafun kanta, a kan 'yan'uwanta take tsaye, in sun faɗi ta faɗi. Mai hatsi da mudu yake awo, mai zane da kamu, ban taɓa ganin wanda ya auna su duka da abu ɗaya ba sai a wannan fada. Kakanka, Allah ya ji ƙansa, cewa ya yi numfashi guda, amsa guda, domin a zamaninsa numfashi guda da'awa guda yake ɗauka. Ba na neman a karya dokarsa. Ina neman a mayar da ita yadda ya bar ta. Malam Ƙasimu ya kawo da'awa huɗu, to ya yi numfashi huɗu."

Malam Ƙasimu ya yunƙura zai yi magana, sarki ya ɗaga masa hannu ya ce, "Ta farko."

Malam Ƙasimu ya ce, murya ta ɗan ragu, "Ya karanta wa magina cewa ba a halicci wani don ya zama jakin wani ba."

Malam Sha'aibu ya ce, "Haka ne. Na karanta, kuma ba sau ɗaya ba."

"Ta biyu," in ji sarki.

"Maganar mummuna ce."

"Ba haka ba ne," in ji dattijon.

Malam Ƙasimu ya ce a kira shaidu. Waziri ya ce, "Shaidun me, Allah gafarta Malam? Wa ya taɓa ganin muni da idonsa yana tafiya a hanya? Faɗa mana inda munin yake. A cewa an karrama ɗan Adam ne, ko a cewa shi ba jaki ba ne?"

A yi wa Ƙasimu adalci, bai rasa ta cewa ba. Ya ce munin yana ga tushe, domin waɗanda suka rubuta littattafan nan gumaka suka bauta wa, kuma abin da ya fito daga gurɓataccen wuri ba ya tsarkaka don an sauya masa harshe. Wasu daga cikin malaman fada suka gyaɗa kai.

Malam Sha'aibu ya ce, "Allah ya ba sarki nasara, gaskiya ne masu shirka ne suka rubuta su. A cikinsu akwai yabon gumaka, duk inda na iske shi na rubuta raddi a gefe da jan tawada, Ƙasimu ya sani domin shi yake dama mini tawadar. Amma rijiyar da ke bayan masallacin Juma'a, wa ya haƙa ta? Mutanen da ne, tun kafin a kira salla a garin nan. Sun mutu da shirkarsu, ruwan bai yi shirka ba, da shi liman yake alwala. Ina roƙo a auna maganar da kanta, a bar mai ita da Ubangijinsa."

Malamai suka kaure da muhawara, wasu na nan wasu na can, har sai da sarki ya tsawatar. Ya ce, "Mun ga wannan da'awa ba ta yankewa a zama ɗaya, masana sun saɓa a kanta, kuma ba ma korar mutum daga ƙasarsa a kan abin da masana suka saɓa. Ta uku."

Malam Ƙasimu ya dubi Galadima, Galadima ya dubi ƙasa. Ƙasimu ya ce, "Karatun ne ya sa magina suka gudu."

"Ba haka ba ne," in ji Malam Sha'aibu.

Waziri ya ce, "Wanda ya gudu shi ya san abin da ya kore shi. Abin mamaki, Zaki, tun da ganuwar nan ta faɗi an tambayi kowa a garin nan ban da magina."

Kuma haka ne, wallahi. An tambayi malamai, an tambayi fadawa, an tambayi masu duba, amma babu wanda ya ga ya dace a tambayi mutanen da suka ajiye aikin. Sarki ya ba da amana ga duk maginin da zai zo, aka je aka fito da Sarkin Magina Nomau daga gidan surukinsa inda ya ɓuya. Ya zo ya faɗi ya yi gaisuwa, ido ya raina fata, sai da sarki ya maimaita masa amanar sannan ya iya buɗe baki.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, da aka fara aiki Galadima ya kwashe rabinmu ya kai gidansa muna gina masa soro. Sauran da suka rage aka ce su yi aikin kowa da kowa. Akwai wani tsoho a cikinmu, Baba Tagwai, shi ya koya wa yawancinmu riƙon tubali. Ya zauna ya huta da rana tsaka, Galadima ya zo ya iske shi zaune, ya sa aka yi ta zuba masa bulala a gindin bangon har ya daina motsi. Da muka dawo daga binne shi babu wanda ya ce da wani komai, kowa ya ɗauki buzunsa ya kama hanya."

Waziri ya ce, "Tun yaushe kuke zuwa karatun Malam?"

"Shekara da shekaru, ranka ya daɗe."

"A cikin shekarun nan kun taɓa guje wa aikin sarki?"

"Ko sau ɗaya."

"Waɗanda ba su taɓa zuwa karatun ba fa, sun tsaya?"

"Su suka riga mu fita gari."

Sarki da kansa ya sunkuyo ya ce, "Nomau, ka ji tsoron Allah ka faɗa mana. Karatun nan ba shi da hannu ko kaɗan?"

Sarkin Magina ya ce, "Ba zan ɓoye maka ba, Zaki. Karatun ya sa mun san sunan abin da ake yi mana. Amma bulala ce ta kore mu."

Sarki ya juya ga Malam Ƙasimu ya ce, "Ta huɗu." Malam Ƙasimu, mutumin da ke iya jan zance daga nan har ƙofar gari, sai ga shi ya koma ya zauna. Sarki ya ce, "Ta faɗi da kanta. Malam Sha'aibu, tashi ka koma gidanka da littattafanka, babu mai taɓa ka."

Da ma a nan labarin ya ƙare, da na rufe shi da farin ciki. Amma dattijon bai kai ƙofar fada ba sai ga wani dogari ya shigo a guje, tufafinsa na warin hayaƙi, riƙe da bangon littafi na fata wanda rabinsa ya ƙone. Ya faɗi gaban sarki ya ce tun da aka ɗage zama da hantsi yaran Galadima suka je gidan Malam suka kwashe akwatunan, suka kai bakin kasuwa suka cinna musu wuta. Da aka ce su jira hukunci, sai suka ce jiran me, tun da aka kafa dokar nan wa ya taɓa kuɓuta daga bakin Malam Ƙasimu?

Aka miƙa wa Malam Sha'aibu bangon. Ya shafa shi da yatsunsa, ya gane shi da taɓi, ya ce a hankali, "Wannan na tarihin biranen da suka shuɗe ne. Shi na fara fassarawa." Bai yi kuka ba, ni kuwa da ya yi kukan da ya fi mini sauƙi. Mutum ya ƙetare hamada, ya ba da idonsa, ya ba da ƙuruciyarsa, wasu 'yan iska da ko alif ba su sani ba su mayar da shi toka tsakanin hantsi da azahar, domin ubangidansu ya rufe asirin soronsa!

Sarki ya zabura, muryarsa ta cika fada. Ya nuna Galadima ya ce, "Wannan azzalumi ya saci maginanmu, ya kashe tsoho, ya rushe ganuwa a kan bayin Allah, ya sayi harshen malami, ya ƙone ilmin ƙasarmu, a fitar da shi yanzu a sare kansa a kan tokar nan!"

Dogarai suka yi kansa. Jama'a suka ɗauki kabbara, ni ma da ina wurin da na taya su. Sai Waziri Ɗalhatu ya taka ya tsaya tsakanin dogarai da Galadima, mutumin da ya fi kowa ƙin Waziri a fadar nan, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, da'awa nawa ke nan?"

Sarki ya ce, "Waziri, kauce! Ba ka ji abin da Nomau ya faɗa ba?"

Ya ce, "Na ji, Zaki, kuma zuciyata ta gaskata shi. Amma shaida ɗaya muka ji, ba mu ji ta bakin Galadima ba. Ba mu san ko shi ya aiki yaransa da wuta ko su suka yi gaban kansu don neman suna ba. In rarrabewar nan ta masoyanmu ce kaɗai, to ba doka muka gyara yau ba, alfarma muka yi wa Malam."

Malam Sha'aibu, yana rungume da ƙonannen bangon, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, Waziri ya yi gaskiya. A rarrabe masa."

Sarki ya daɗe a tsaye yana huci, hannunsa a sama. Sannan ya sauke shi, ya zauna, ya ce da dogarai, "Ku sake shi. A kai shi gaban alƙali, a bi masa ɗaya bayan ɗaya."

Haka aka yi. Kwasar magina da dukan Baba Tagwai suka tabbata da shaidu masu yawa, aka tuɓe Galadima, aka miƙa shi ga shari'a a kan jinin tsohon. Umurnin ƙona littattafai kuwa bai tabbata daga bakinsa yake ba, aka hukunta waɗanda suka kunna wutar, shi aka bar shi da Allah a kan wannan. Malam Ƙasimu aka hana shi tsayawa ƙara a fada har ƙarshen ransa.

Sarki ya tara jama'a, ya cire alkyabbarsa ya yafa wa Waziri Ɗalhatu, ya ba shi doki da gona, ya ce daga yau babu ƙarar da za a saurara a Zarandu sai ta bi ta hannunsa an warware ta zare-zare. Ya ce, "Mun nemi ka ceci mutum ɗaya daga dokarmu, ka cece shi, sannan ka ceci maƙiyinka daga fushinmu. Ta biyun ta fi mana tsada."

Malam Sha'aibu kuwa aka ba shi marubuta da takarda, aka bi almajiransa gida gida ana tattara abin da kowa ya kwafa. Ya ce, "Abin da ya rage a kaina zan faɗa a rubuta. Abin da na manta ya tafi ke nan." Ya yi ta shifta har Allah ya karɓi ransa, kuma abin da aka maido bai kai sulusin abin da aka ƙone ba.

Ka riƙe wannan, ya kai wanda Allah ya ba ikon yanke wa wani hukunci, ko a fada ko a tsakar gidanka: zalunci ba ya zuwa shi kaɗai, gaskiya yake riƙowa a hannu don a buɗe masa ƙofa, kuma mai adalci shi ne wanda ya tsayar da su a bakin zaure ya tambayi kowanne hujjarsa dabam, ko da wanda ake ƙara maƙiyinsa ne, ko da wuta ta riga shi isa kasuwa.